Shirun Injin Uwa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Argungu, da ƙarar injin Uwa ya tashi. Ni Sharifa katanga ɗaya ta raba ni da ita, kuma ba na ɓoyewa, babu abin da na zaga a duniya kamar injin nan. Tsohon injin niƙa ne mai shan dizal, baƙi ƙirin. In ya tashi har kwanukana rawa suke yi a kan kanta.

Uwa 'yar Gulma ce, aure ya kawo ta. Da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da inji, dangi suka ce ta sayar, wai niƙa ba aikin mace ba ne. Ta ɗaure zane ta kama ƙarfen tayarwa. Da niƙan gero da markaɗen wake ta raine su duka. Matar nan ba ta san zama ba. Ko salla ta idar, tana shafa addu'a tana miƙewa.

Abu ɗaya ke sa injin yin shiru, shi ne rasuwa. In an yi mutuwa a unguwa, nan take Uwa ke kashe shi, ko da hatsi a bakinsa, ba zai sake tashi ba sai bayan addu'ar uku. Mu matan cikin gida da haka muke samun labari. Da kin ji ɗif, sai ki ja mayafi ki fita tambayar gidan wa.

Sai ɗanta Abbas ya samu aiki a Birnin Kebbi, a wani kamfanin wutar sola. Suka zo suka jera farantai a bayan unguwa, suka ja waya gida gida, kowa da mitarsa mai aiko saƙo a wayar hannu. In rana ta take, wuta ta yi yawa, sai saƙo ya ce masu inji su yi aiki yanzu, da yamma a bar batir ga fitilu da fanka. Abbas ya kawo wa uwarsa ƙaramin inji na lantarki, ba hayaƙi, ba ƙara sai ɗan gurnani kamar na mage. Gaskiya abin ya yi. Tarin da ya daɗe yana cin Uwa ya lafa, shanyata ta daina baƙi.

Ranar farko da muka wayi gari shiru, ni ce kan gaba. Na shiga gidanta ina salati, mata na biye da ni, wata har ta fara hawaye. Muka tarar da ita ta yi fari fat da gari.

"Yaya Uwa, wa ar rasu?"

"Kunnuwanku," in ji ta.

Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ita kam dariyarta ba ta yi nisa ba.

Tun daga nan Uwa ta rasa sukuni. Ta shiga, ta fita, ta dafa sabon injin ta ji ko yana aiki. Ta duba waya, ta duba sama ko hadari zai tare rana. In ba niƙa, sai ta koma wurin tsohon, ta goge shi, ta ɗiga masa mai. Na ce mata, "Yaya, ki zamna mana, kina sa ni jiri." Ko kallona ba ta yi ba.

Abbas kuwa ya matsa a sayar wa 'yan gwangwan tsohon injin, ya ce ya tare wuri. Da ya kawo su ta kore su da tsintsiya, ya ce ran Asabar zai dawo da su da mota.

"Inna, mi za ki yi da shi? Zamaninshi ya wuce."

"In anka yi mutuwa, mi zan kashe?"

Ya yi murmushi ya ce yanzu kowa na da waya. Raina ya ɓaci da murmushin nan, duk da ni ma na ƙagara a fitar da injin.

A ƙarshen layinmu akwai Caroline, muna ce mata Maman Rejoice. Nas ce daga Filato, ta yi ritaya ta zauna cikinmu. Rabin yaran unguwar a hannunta suka faɗo, har da nawa. Ran Asabar ɗin da hantsi, Abbas da mutanensa sun fara kwance notuna ke nan, sai ga Rejoice ba ko takalmi. Ta ce Mama ta cika. Ba su da dangi a garin, 'yan cocinsu na can wani gefe, ita kaɗai ce da gawa.

Uwa ta kashe sabon injin. Ba abin da ya canza. Ana ta daka a maƙwabta, rediyo na ta waƙa, mai kifi na ta talla. Ta fita ƙofa, ta dawo, ta sake fita. Tausayinta ya kama ni, don ban taɓa ganin ta rasa abin yi da hannunta ba.

Ta ce wa 'yan gwangwan su matsa. Ta ɗauko ragowar dizal a galan ta zuba, ta sa ƙarfen tayarwa. Ƙarfinta ba kamar da ba, ya ƙi juyawa. Na kama mata, muka yi ta nishi, a banza. Abbas na tsaye yana kallo. Shi ma Maman Rejoice ce ta yanke masa cibiya.

"Inna, ba ni."

Ya murza, ya sake murzawa. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya ɗauka. Ta katanga ina jin kwanukana na rawa. Uwa ta bar shi yana ruri har sai da ta tabbata ya shiga kowane gida, sannan ta kashe shi.

Ɗif. Taɓarya ta tsaya, aka kashe rediyo. Ƙofofi suka fara buɗewa, mata na fitowa suna gyara mayafi. Uwa ta tsaya a bakin zaure, hawaye na wanke garin fuskarta, tana nuna musu ƙarshen layi. Kafin azahar ba wurin sa ƙafa a gidan Maman Rejoice.

Da na dawo ɗaukar tabarma, motar 'yan gwangwan ta tafi. Abbas na durƙushe shi kaɗai, yana mayar da notunan da ya kwance.