Garwashin Malama

Lokacin da aka turo ni Diffa aiki a wani famasi, wato kantin magani, ban san kowa ba. Daga Damagaram na zo, da jaka guda da tukunyar gaz. Gidan hayar da na samu duk Barebari ne, manoman tattasai. In sun fara hira a tsakar gida sai in koma kamar bango. In gaida su, su amsa, shi ke nan. Da yamma ga dokar hana fita, kowa ya shige ɗaki. Ni da wayata, in rezo, wato sabis, ya yarda.

Wata safiya gaz ya ƙare mani ina tsakiyar dafa shayi. Na sayo gawayi da ɗan murhun ƙarfe, na ƙarar da ashana, gawayi ya ƙi kamawa. Sai na hango hayaƙi daga ɗakin ƙurya. Na ɗauki murfin kwano na tafi ɗiban wuta, yadda kakata ke aikena ina ƙarama.

Tsohuwa ce a ɗakin, ita kaɗai. Daga hayin kogin Komadugu ta gudo, ɓangaren Najeriya, inda ta daɗe tana koyar da Ingilishi. Kowa Malama yake ce mata.

"Ah, ƴar birni! Ke ma kin san ɗiban wuta?"

Ta sa tsinke ta ture toka, sai ga garwashi jajir a ƙasa, na jiya. Tana zuba mani ta ce, "Wannan dokar da ke kulle ku da yamma, me kuke ce mata da Faransancinku?"

Na ce, "Couvre-feu."

"Fassara mani."

"Rufe wuta."

"Yauwa. Mutanen Ingila sun ara, suka tauna ta ta koma curfew. Da can ƙararrawa ake kaɗa masu da yamma, kowa ya rufe wutarsa da toka kada gari ya kama. Duk Diffa ni kaɗai ke bin dokar yadda take."

Ranar na fara dariya a garin nan.

Na cika gaz ɗina a satin, amma ban daina zuwa ba. Haka kawai ba a faɗa wa ɗakin mutum kullum da safe, amma mai murfin kwano a hannu ba a tambayarta me ya kawo ta. Kowane garwashi da kalmarsa. Shi garwashin da Ingilishi ember sunansa. Fuel, wato mai da itace da duk abin da wuta ke ci, ta ce in ka bi sawunta za ta kai ka wata tsohuwar kalma ta Rumawa mai nufin murhu. In na faɗa da hanci irin na Faransanci ta ce, "Buɗe baki, ƴata, ba za a ci tararki ba."

Ranar bonfire ce kawai ba mu yi dariya ba. Ta ce babbar wuta ce da ake hurawa a fili, asalinta kuma wutar ƙasusuwa. Daga nan sai ta dinga juya toka. Ba ta taɓa gaya mani abin da ta gani a garinsu ba, ni ma ban tambaya ba. Garwashina ya mutu a murfin ina zaune, ta sake zuba mani wani.

Da rani, ruwan kogi ya janye, ɗanta ya zo. Ya ce an fara komawa garinsu, ya rufa ɗaki guda a can, zai tafi da ita. Ina bakin ƙofa da murfina na ji. Duk garin nan ita kaɗai ke tambayata ko na ci abinci.

Na ce, "Malama, ni fa?"

"Ke me? Ba ga gaz ɗinki can a cike ba? Kina tsammani ba na jin ƙamshin miyarki da rana?"

Na kasa dariya. Ta jawo ni kusa da murhunta na ƙasa. Ta nuna mani: gawayi manya za ki zaɓa, ki bari su ci sosai, ki tara su wuri guda, ki lulluɓe da toka, kar ki danne. "Na bar maki murhun. Ki kwana da wuta, ki bar ƙofa a buɗe da safe. Kar ki zauna kina latsa waya."

Ta tafi. Lambar ɗanta wani lokaci ta shiga, yawanci ba ta shiga.

Da farko toka kawai nake tararwa, sanyi ƙalau. Na dinga dannewa da yawa. Da na iya kuma, ba wanda ya zo. In buɗe ƙofa, in zauna, in sha shayi, in tafi famasi.

Sai wata safiya matar mai tattasai ta ɗakin gaba ta tsaya a ƙofata da guntun kasko. Ba ta jin Hausa sosai. Na ture toka, na zuba mata. Ta nuna garwashin ta faɗi wata kalma da Barbarci. Na maimaita, na ɓata ta, ta ƙyalƙyale da dariya ta wuce.

Da magariba na zaɓi gawayi manya.