Injin da ya ƙi fita daga Bulak

Sana'ata a Alƙahira sayen tsofaffin injuna ce. Ina bin garejoji da ƙananan masana'antun da suka mutu, in ɗauki abin da ke da sauran rai, in loda a kwantena zuwa Kano. Ba wanda ya koya mini. Karatu na zo yi, karatun bai karɓe ni ba, ƙarfe ya karɓe ni. Na daɗe a ciki har gwiwoyina sun fara ƙorafin matakalar gidan da nake haya a Ard al-Liwa.

A Bulak, bayan layin dogo, akwai wata tsohuwar maƙera da nake zuwa a zuba mini fayafayan injin niƙa. Mai wurin dattijo ne Bamisire, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma. Ina ce masa Hajj, shi kuma ya ce mini ɗan Kano. Duk zuwan da zan yi sai ya zaunar da ni shan shayi, kuma da shayin nake shan tarihin wurin, ko ina so ko ba na so.

Wani Ba'italiye ne ya kafa maƙerar, yana zuba famfunan ban ruwa da ƙarafan baranda. Uban Hajj leburansa ne. Da babban yaƙin duniya na biyu ya zo, Turawan Ingila suka kwashe Italiyawa suka tsare, soja suka karɓe wurin. Aka daina famfo, aka koma gyaran motocin da ke dawowa daga sahara a ragargaje, da ƙera kusoshi da murhun dafa abincin soja da kwanson harsashin igwa. A lokacin ne suka kawo wani ƙaton injin sassaƙa ƙarfe, wanda Misirawa ke kira makhrata. Tsawonsa ya kusa na motar bas. Bayan yaƙi Ba'italiyen bai dawo ba, wurin ya zauna a hannun uban Hajj. Da aka yi yaƙe-yaƙen bakin Suwes, Hajj da kansa ya tsaya a kan injin yana sassaƙa abubuwan da aka kawo masa a zane, ba a gaya masa na mene ne ba, shi ma bai tambaya ba. Daga nan sai murafen kwata, sai fayafayaina, sai kayan China suka zo aiki ya tsaya.

Wata rana ya ce mini ya sayar da filin. 'Ya'yansa ɗaya na sayar da magani, ɗaya na Kuwait, ba mai son baƙin hannu.

"Ka ɗauki makhrata, ɗan Kano," in ji shi. "Ba na son masu gwangwan su taɓa shi. Ka kai shi inda zai yi aiki."

Ina da inda zan kai shi. Ƙanin matata yana gyaran injuna a Ƙofar Ruwa, ya daɗe yana roƙona irinsa, don manyan ayyuka sai ya tura wa wasu. Na kira shi, na nuna masa ta waya ana kunna injin. Ya yi ta kabbara. Na ce ya shirya wuri, na ba shi kalmata.

Na yi duk abin da ɗan kasuwa ke yi. Na auna tsawo da faɗi, na tabbatar zai shiga kwantena. Na duba haƙoransa, na saurari kukansa, na nemi mai babbar mota. Duk aunen da na yi na kwantena ne, don mu kwantena ce a kanmu kullum. Ban auna ƙofa ba, kuma ban kalli lungun da na yi shekaru ina ratsawa da ƙafa ba.

Direban ne ya ajiye motarsa can bakin titi, ya tako ya iske mu yana dariya.

"Ya basha, ta ina? Lungun nan tuk-tuk mai ƙafa uku ma sai ya riƙe numfashi."

Na juya wajen Hajj. "To ta ina ya shigo?"

Ya nuna mini bango. Ya ce ubansa ya gaya masa fasa bangon gabas sojoji suka yi, suka gangaro da injin a kan gungume daga layin dogo, sannan suka mayar da bangon, suka ƙara masa kauri saboda bama-bamai. Lokacin duk wajen fili ne. Shi ma bai taɓa tunanin fitarsa ba, don tun da ya buɗe ido a wurin ya gan shi.

Na ce a fasa bangon kuma. Muka zagaya mu gani. Ashe maƙwabta sun daɗe da jingina gidansu a jikinsa, bene a kan bene, bangon soja shi ke ɗauke da su. Wata tsohuwa ta leƙo daga sama, ta ga muna ƙwanƙwasawa.

"Ku taɓa shi ku gani! Hajj, tsufa ne ya kai ka rushe mini ɗaki a ka?"

"Aunawa kawai muke yi, ya sitti."

"Ka auna kabarinka. Wannan baƙon kuma wa ya aiko shi?"

Na ɗaga mata hannu na ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, muka bar wurin.

Na yi makonni ina zirga-zirga tsakanin Ard al-Liwa da Bulak. Na kawo mai ƙugiyar ɗaga kaya, ya kalli wayoyin lantarki da barandun da suka kusa haɗe baki a sama, ya sha shayi ya tafi. Na kawo makanikai suka kwance duk abin da ke kwantuwa, amma gangar jikin injin zubi ɗaya ce, ba ta da mahaɗi. Na je wajen wanda ya sayi filin ko zai bari sai ya rushe ginin. Ya ce ko ya rushe, lungun yana nan yadda yake, shi ma da amalanken jaki zai fitar da ɓaraguzansa. Gaskiya ya faɗa. Kullum da yamma ƙanin matata na kira, "Yaya, an loda?" Ina ce masa ana kan hanya, har na gaji da jin bakina.

Daga ƙarshe na kira shi na gaya masa yadda ake ciki. Ya ce ya riga ya karɓi aikin wani kamfanin matse gyaɗa da sunan injin. Na ce ya mayar musu, zan nemo masa ƙarami. Ya ce, "To, Yaya," ya kashe. Matata ma ta kwana biyu tana ba ni amsa da kalma ɗaya.

Hajj ne ya fi wuyar gaya wa. Na same shi zaune a ƙofa, na ce, "Khalas, shi ke nan, Hajj. Ba zai fita da rai ba."

"Na sani tun ranar direban," in ji shi. "Ina jira ne ka gaji."

Ya roƙe ni abu ɗaya, in tsaya a kan masu gwangwan ɗin da kaina, shi ba zai zo ba. Ƙarfen zubi ba ya yankuwa da wuta yadda ake so, sai an huda shi a jere an bi da babbar guduma. Na tsaya tun safe ina nuna musu inda za su huda, don na fi su sanin inda ya fi sirara. Da ya tsage, ƙarar ta sa tattabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Suka riƙa fitar da shi gunduwa-gunduwa a kan amalanke.

Da la'asar na wanke hannu a famfon masallaci, na hau jirgin metro. Ban sami wurin zama ba, na tsaya har tasharmu.