Likkafanin da Haridi Ya Karɓa

Haridi ƙanin mijina ne, kuma shekara talatin da huɗu na yi ban amsa gaisuwarsa ba. Tun yana saurayi bai yi kama da mazan gidan ba. Su suna goge bindiga, shi yana kan soro yana yi wa tattabaru fito. In aka busa algaita ko a ƙauye na bakwai ne, shi ne farkon shiga fili da sandar rawa.

Ranar da wani mutum mai suna Shahat ya harbe mijina Maharan a gonar rake, kan wa zai fara jan ruwa, ɗana Halaf yana da wata biyar. Ba mu kafa rumfar makoki ba, don a nan kudancin Masar ba a karɓar gaisuwar wanda aka kashe sai jini ya biya jini. Na shafa taɓon kogi a ka don nuna baƙin ciki, na ninke rigar Maharan da jininta na ɓoye wa jinjirin. Surukata kuwa ta ajiye wa Haridi bindiga a kan tire maimakon abincin rana.

Ya dubi tiren ya ce, "Inna, wannan da me ake ci? Da wake ko da gurasa?"

"Da zuciya, in kana da ita, lusari!"

"In na kashe Shahat, su kashe ni. Sannan ku jira jinjirin can ya yi gashin baki, ku miƙa masa tiren. Ni dai na ƙoshi."

Shekara biyu ana tofar da yawu in ya wuce. A majalisa aka daina zuba masa shayi, mata suka raɗa masa Amaryar Tattabaru. Ni ban damu ba. Na ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, Halaf zai girma.

Wata Juma'a bayan saukowa daga masallaci na ji hayaniya. Na leƙa, sai ga Shahat tafe, ba takalmi, ba rawani, ya ɗora likkafaninsa a kan hannu biyu. Kowa ya san ma'anar wannan. In babban namijin gida ya karɓa ya yanka rago, magana ta mutu har abada, ko ɗan mamacin ba shi da ikon tayar da ita. Ashe munafukin nan Haridi shi ya aika a ɓoye ya ce a zo.

Na fito ko mayafi babu. "Haridi! Jinin yayanka za ka sayar da ƙyalle?"

Ya karɓi likkafanin, sannan ya waiwayo. "Matar yaya, ki yi ta tsine min har ki gaji. Halaf dai ba zai gaji tire ba."

Kafin la'asar ya kafa rumfar makoki. Ni kuma na shiga ɗakinsa na ɗauke likkafanin, na rantse a cikinsa za a binne shi. Na zauna jira. Shi ko a jikinsa. Ya yi aure, ya yi teɓa, ya sha kankana, ya koya wa ɗana rawar sanda ina kallo ina ƙunar rai.

Bara ya mutu a kan soronsa, bayan ya ci ya ƙoshi. Na fito da likkafanin, har ya yi jaja-jaja don tsufa, na miƙa wa masu wanka. Na ce, "Ga nasa. Shi ya karɓa, shi zai sa." Sannan na tsaya a bakin ƙofa in ga fansata da idona.

Halaf ne a gaban makara, da furfura a gemu, yana kuka kamar yaro, 'ya'yansa uku na biye. A tsallaken hanya ga Bahita maƙwabciyata. Ita da aka kashe mata miji, ƙanin mijin ya ɗauki tiren, muka yi mata guɗa a lokacin, har na yi mata hassada. Yanzu 'ya'yanta maza biyu suna maƙabarta. Ba makarar take kallo ba, ƙeyar Halaf take kallo, har ya sha kwana.

Ban yafe wa Haridi ba, kada wani ya yi min ƙarya. Amma tun daga ranar ni nake hawa soro da gwiwoyin nan nawa, in watsa wa tattabarunsa hatsi, ina zaginsa.