Gambar Iyaka

Ɗan baffana ya ci mini iyakar gona. Kunyoyi ukku na gero ya yanke, waɗanda na shuka da hannuna, kuma cikin ruwan sama ya yi aikin, lokacin da kowa ke ɗaki yana tarben yoyo da kwano.

Kwana shida anka yi ana ruwa waccan damina. Ba mai ƙarfi ba ne, irin mai sauka a hankali ne kamar ba ya da niyyar tafiya. Ran da ya ɗauke na fito tsakar gida na tsaya, na rasa ta inda za ni fara. Katangar baya ta zube gefe guda. Awaki na tsaye cikin caɓi suna kallona kamar ni na kira hadarin. Na kwashe taɓon turke na zuba yashi, na baza itacen girki a rana, na gyara jinkar rumbu da ta karkace, sannan na kwaɓa ƙasa na koma wa katanga. Ƙasa na fidda tururi, ko'ina ƙamshinta, kwaɗi ba su bar kuka ba har rana ta take. Jikina na aiki, hankalina na can wani wuri. Ina yaɓe ina jin kamar mahaifina na tsaye bayana yana cewa in ƙara ciyawa cikin kwaɓin, alhali ya daɗe a ƙasa.

Sai kwana na biyu na samu zuwa gona. Ita kaɗai ta rage mini. Manyan gonakinmu na daji mun bar su tun da hanyar ta daina biyuwa, kowa ya matso jikin gari ta wajen Kurawa. 'Yar gonar nan ke ciyar da gidana. Tsakanina da ɗan baffana ba shinge, jerin gamba ne iyaka, iyayenmu sunka dasa ta ran da sunka raba gado.

Ciyawa ta ci ƙarfin gero, na duƙa da hauya. Gamba na nan tsaye, kore shar, iska na kaɗa ta. Amma ina kai gefen sai na ji gonar ta ƙare mini da wuri, kamar mutum ya miƙa ƙafa cikin mafarki bai iske ƙasa ba. Na ɗaga kai na leƙa ɓangarensa.

Can bayan kunyoyi ukku ga wasu 'yan ramuka a jere, kowane cike da ruwa, kowane da gajimare na wucewa a cikinsa. Nan gambar take da. In ka cire gamba da rani bushewa take yi, ta tona maka asiri. Cikin ruwa irin wannan kuwa ko sanin an matsar da ita ba ta yi. Ya cike ramukan da ƙasa, ruwa ya bi ya lotsa su.

Na zauna bakin ɗaya na daɗe. Na ga fuskata a ciki, da furfura, sama na tafiya bayan kaina. Waɗanda sunka ga dashen gambar duk sun mutu. In rana ta ƙara kwana biyu ramukan ma za su bushe, iska ta shafe su.

Bayan la'asar na iske ɗan baffana ƙofar gidansa yana wasa hauya.

Ya ce, “Ƙanena, ya munka ji da ruwa?”

Na ce, “Lahiya lau, Yaya. Sai dai gamba ta yi tahiya.”

Bai ɗago ba. “Ka san ƙasa in ta jiƙe zamewa takai.”

“Ruwan ga da hauya ya zo ke nan?”

Ya aje dutsen washi. Na ce, “Ba za ni wurin maigari ba, ba ni da shaida sai matattu. Riƙe ƙasar. Amma geron ga ni na shuka shi, ba ni bari ciyawa ta kashe shi. Ni za ni nome shi, ni za ni yanke shi, in ɗauro damen in aje maka nan inda kake zaune, gaban ɗiyanka. In sun tambaye ka daga ina, kai za ka hwaɗa musu.”