Yaya Mai Gilashi da Gidan Gwaggo

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk unguwarmu ta sani da Mai Gilashi. Ya rasu a asibiti bayan jinyar kwana shida, yana da shekara hamsin da uku, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, wannan ban ja da shi ba. Abin da na ja da shi, kuma zan ci gaba da ja, wata magana ce da na ji har sau huɗu daga bakin masu zuwa gaisuwa: "Mutumin kirki ne, sai dai shirmen kunkurun nan." Suna faɗa suna zaune a falonka, Yaya, iska na shigo musu ta tagogin da ka haɗa da hannunka.

To, da farko ba kunkuru ba ce. Kififiya ce, 'yar ruwa, kuma sunanta Gwaggo. Kai ka raɗa mata, saboda yadda take ɗaga kai ta yi wa mutum kallon wanda aka kama da laifi. Shekara goma sha bakwai ke nan da ka tsince ta a wani gini inda kake saka tagogi. Leburori sun jefa ta cikin bokitin fenti suna dariya, ba ta fi tafin hannu ba, bayanta a tsage. Ka kawo ta gida cikin kwanon abincinka, ranar ko abincin ba ka ci ba.

Na ga yadda ka gina mata gida, domin ni na riƙe maka gilashin har gam ya kama. Akwati ne mai kauri, tsawon kamu uku, ka ɗora shi kan teburin ƙarfe a kusurwar falo. Duwatsun da ka shimfiɗa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya ka zaɓo su, kana gwada kowanne da kan Gwaggo. Wanda bai fi kanta girma ba sai ka yar da shi, don kada ta haɗiye. Ka dafa su a tukunyar matarka, abin da ya jawo maka kwana biyu ba a gaishe ka da kyau ba. Kututturen icen da take ɓuya a ƙarƙashinsa sai da ya yi wata guda a jiƙe kafin ka yarda ya shiga. Sannan babban aikin: wani guntun tayil da ka jingina daga cikin ruwa zuwa wani faffaɗan dutse busasshe, ka tsattsaga fuskarsa layi-layi don farcenta ya sami abin kamawa, ka rataya fitila mai ɗumi a saman dutsen. Nan take hawa ta shanya jikinta. Ka ce kififiyar da ba ta da wurin fita ta bushe, bayanta ruɓewa yake yi.

Ban ɓoye ba, gidan bai da kyan gani. Na taɓa ce maka ka ɗan sa furanni mana, ka ce, "Ƙanwata, ke za ki kwana a ciki?" Ban sake ba ka shawara ba.

Masu cewa shirme ba su san daga ina ka koyi abin da suke yaba maka ba. Lokacin da ƙafafun Inna suka gaza hawa matakala ukun ƙofarta, mu dai ɗaukarta muke yi tana jin kunya. Kai ka zo da siminti ka yi mata gangara, ka tsaga ta layi-layi irin na Gwaggo don kada sandarta ta zame. Inna ta yi shekara biyar tana fita shan hantsi da ƙafarta, tana zaginka cikin dariya wai ka mai da ita kififiya. Da mijina ya rasu kuma, kowa ya zo da nasiha, kai ka zo da mota. Ka ba ni ɗakin baya, ka ce kada kowa ya tambaye ni yaushe zan tafi. Wata takwas na yi. A watannin nan ne na koyi ajiye ruwan famfo ya kwana kafin a zuba mata, da wanke injin tace ruwa, da gane ranar da Gwaggo ba ta son mutane.

Washegarin rasuwarka, matar Baffa da 'ya'yanta suka zo gyara falo saboda baƙi. Da kyakkyawar niyya suka yi, na sani, amma niyya ba ta hana ɓarna. Suka dubi akwatin suka ga duwatsu baƙaƙe da ruɓaɓɓen ice, suka ce abin kunya ne a gaban jama'a. Suka kwashe komai suka zubar a shara can bayan gidan, har tayil ɗin. Suka sayo tsakuwa ƙanana masu launi ja da shuɗi, da furannin roba, suka cika ruwa har baki, suka kashe fitilar. Matarka na ɗaki ba ta san inda kanta yake ba, ni kuma ina wurin Inna da ciwonta ya tashi. Sai rana ta uku na shigo falon.

Na tarar da mutane suna cewa yanzu ne abin ya yi kyau. Gwaggo kuwa tana ta karce gilashi daidai inda tayil ɗinta yake a da, ta kama babu, ta nutse, ta sake tasowa. An gutsuri ganyen roba biyu. Ban san tsakuwa nawa ta haɗiye ba. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, har ya danne kukan da na zo da shi. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na naɗe hannun riga, na fara kwashe tsakuwar da kwano a gaban kowa.

Baffa, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya ce, "Ke, ba ki da hankali ne? Ana zaman makoki kina wasa da ruwa?"

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Ɗaya ya tafi, ba zan tsaya ina kallo ta biyu ta bi shi ba."

Na zaga bayan gidan na tono duwatsunka daga cikin shara, goma sha tara, na sami tayil ɗin ya ɓalle a gefe amma layukansa na nan. Da baƙi suka ragu Baffa ya yanke hukunci. Gidan na haya ne, matarka za ta koma wurin iyayenta da yaran, babu mai wurin ajiye wannan kaya. Ranar Juma'a a kai dabbar kogi a sake ta, a samu lada, akwatin kuma a ba mai sayar da kifi. Tunda nake ban taɓa mayar wa Baffa magana ba, ranar na mayar sau biyu. Na ce dabbar da ta yi shekara goma sha bakwai ana miƙa mata abinci, mai tsagaggen baya, ba sakinta za a yi ba, kashe ta za a yi a kira shi lada. Ya ce ɗakina ɗaya ne, a hawa na biyu, ina zan sa ta? Na ce zan fitar da kujera.

Na fitar da ita kuwa. Abokan aikinka huɗu suka zo a daren Alhamis ɗin nan da igiya da barguna, suka hau da akwatin mataki-mataki, babbansu na ta cewa a bi a hankali, aikin maigida ne. Na dafa duwatsun a tukunyata, na jera su yadda na tuna, na jingina tayil, na kunna fitila. Kwana biyar Gwaggo na kwance a ƙasan ruwa ba ta ci komai ba. A na shida na ga tsakuwa ja guda uku a ƙasan akwatin, sun fito daga cikinta. Da hantsi ta kama layukan da ka tsaga, ta hau dutsen, ta miƙe ƙafafu ƙarƙashin fitila, ta juyo ta yi mini kallon nan nata. A nan ne na zauna a ƙasa na yi kukanka, Yaya, wanda ban samu na yi ba tun ranar Talata.

Don haka duk mai yabonka ya yaba ka gaba ɗaya, ko ya yi shiru. Ban yarda da "sai dai" a kanka ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Yadda ba ka taɓa ajiye mai rai ba tare da ka yi masa wurin hutawa ba, Allah Ya yi maka naka a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ina miƙa ta ga Baffa da iyalinsa, kuma ƙofata a buɗe take gare su. Sai dai su zo da tabarma, domin inda kujera take, Gwaggo ce a wurin.