Cindon Gidanmu

Mun bar Zariya ana kiran assalatu, ni da aminina malamin dabbobi, a motar da ya saya da ƙarin albashin nan da ya haukata gari. Tun kafin mu hau titi na gaya masa cewa ni idona ba ya kuskuren jini. A tara mini mutum dubu a kasuwa, in akwai danginmu a ciki, ta ƙeya zan gane shi. Balle ni da kowa ya san kamarmu ɗaya da mahaifina.

Neman dangin ne ya fito da ni. Baba ya bar ƙauyensu wajen Ketare yana saurayi, bayan ya musulunta sun ɓata da gida, bai sake komawa ba, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Sai bara, a ciwon ajalinsa, ya ce yana da yaya mace, Lami, in tana raye a gaishe ta. Ni kuwa fuskarsa ta fara ɓace mini. In na rufe ido sai in ga hula da gemu, tsakaninsu ba komai. So nake in sake ganin fuskar nan a jikin wani, ko sau ɗaya.

Kwalta sumul har Funtuwa, manyan motocin siminti sai ka ce wata duniyar za a gina. Mun wuce Mairuwa, auduga fara fat a gonaki. Da muka karkata wajen Ƙanƙara, hanya ta nuna mana ita ba ta ji labarin arzikin mai ba. A ramin farko hanjina ya hau ƙirji, bai sauko ba sai la'asar. A Ketare kufai muka tarar. Gidan kakana ya zama gonar dawa, sai wata tsamiya ita kaɗai. Wani dattijo ya ce Lami ta yi aure wajen Faskari tun da daɗewa.

A kasuwar Faskari na hango wani mai sayar da igiya, dogo, fari, mai dogon hanci, har tsagar kumatu irin ta Baba. Na rungume shi ina kuka ina cewa, "Baffa!"

Ya ce, "Malam, lahiya? Igiya kaka so ko mi?"

Ashe daga Zamfara ya zo, ko sunan Ketare bai taɓa ji ba. Don kunya na sayi igiya har biyu, ni da ba ni da ko akuya.

Wurin mai balangu, inda nama ya ninka kuɗin bara, aminina ya gama dariya ya ɗaga ƙashin ƙafar rago ta gaba. Ya ce tsarinsa ɗaya da hannuna, ɗaya da fiffiken jemage: babban ƙashi a sama, biyu a ƙasa, sai ƙanana, sai yatsu. Ba su yi kama ba, aikinsu daban, amma tushe ɗaya suka fito, shi ne abin da suka karanta da sunan homoloji. Fiffiken fara da na tsuntsu kuwa duk tashi suke, amma ba tushe ɗaya ba. Ya ce ƙwayoyin gado ma bibbiyu suke, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba, kowace da takwararta, kuma ba dole abin da ke ciki ya fito a fuska ba. Tsaga kuwa aikin wanzami ce.

Na ce, "Wato rago ya zama ɗan'uwana, baffana ya zama fara."

Mai balangun ne ya ji muna cigiyar Lami, ya ce mijinta ya rasu, ɗanta ya ɗauke ta zuwa Sabuwa. Muka kwana Funtuwa, da safe muka bi ta Dandume, rake da masara hagu da dama.

A Sabuwa, da aka fito da Lami, zuciyata ta karye. Gajeriya, baƙa, hanci a baje, babu ko alamar Baba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ni ɗan Tanko ne." Ta kama hannuna na hagu, ta shafa gefen ƙaramin yatsa, inda wanzami ya cire mini cindo, yatsa na shida, ina jariri. Ta juyo nata. Tabo iri ɗaya, wuri ɗaya.

"Duk gidanmu haka muke," in ji ta. "Yana ina?"

Na gaya mata. Ta riƙe hannuna gam cikin nata. Can na ba ta labarin mai igiya, sai kafaɗunta suka kama rawa, baki a rufe, ba sauti, hawaye na zuba. Dariyar Baba ce sak. Na sake wani labarin don ta sake yi, na ƙara masa gishiri, na sake. Har magariba ban bar ta ta huta ba.

Mun dawo Zariya lafiya da igiyoyina biyu. Fuskar dai ban same ta ba. Amma yanzu in kewarsa ta taso, gefen yatsana nake shafawa, na kuma san akwai inda zan je in ji dariyarsa muddin tsohuwar nan tana numfashi. Ido kuwa na daina yabonsa.

Af, washegari da safe da za mu rabu a Sabuwa na tambaye ta, "Gwaggo, ai dai na yi kama da shi ko?" Ta jawo ni cikin rana, ta dube ni sama da ƙasa.

"Tanko kyakkyawa ne hwa, ɗana. Kai cindon kaɗai ka ɗauko."