Faifan da Baba Yake Gwaji da Shi

Shekara ashirin da shida mahaifina ya yi yana gyaran talabijin, kuma da faifai ɗaya tak yake gwada kowace. Bidiyon waƙar rok ne irin ta Turawa, na waɗansu ƙarti huɗu masu gashi har kafaɗa. Wani ne ya manta shi a cikin na'urar da ya kawo gyara, bai sake dawowa ba. Baba ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, kiɗan ma ba burge shi yake yi ba. Amma in ka ce ya sauya faifai, sai ya dube ka da tausayi.

"Akwai baƙi, akwai ja, akwai gudu, akwai ganga," in ji shi. "Duk talabijin ɗin da ta jure wa mutanen nan, ta warke."

Shagon ɗan tsukuku ne. Benci ɗaya, warin dalma, sai wani madubi da ya jingina a bango don ya riƙa ganin fuskar talabijin yana aiki ta bayanta. Injiniya ake ce masa a layin. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya haddace waƙar ba da son ransa ba.

A bidiyon, wata mata ce take kwashe kaya daga gida, su kuma ƙartin suna tsakiyar falo suna ta bugu, ko sannu ba su ce mata ba. Baba ya yi wa abin nan karatun da bai yi wa takardun makarantata ba.

"Wanda ya haɗa hoton nan ya san aikinsa," yakan ce. "Ganga ta buga, hoto ya juya. Duba kuma, waƙar tana ƙara cika, ɗakin yana ƙara zama fayau. Kujeru sun tafi, labule ya tafi, agogo ya tafi. Ihun nan duk na rashin wurin zama ne."

Wuri ɗaya ne bai yafe ba. Mai jita yana murmushi daidai lokacin da jitar take kuka. "Wannan bai san gidan da ya shigo ba," in ji Baba, kuma har yau yana riƙe da shi.

A tsakiyar waƙar ganga takan tsaya, jita ta tsaya. Hoton ma ya daina juyawa, ya tsaya a kan wani kofin ruwa da matar ta bari a ƙasa, daƙiƙa goma sha ɗaya cif. Ba abin da ke tashi sai muryar mawaƙin, siririya, ita kaɗai. Da wannan wurin Baba yake gwada ƙaramar lasifika, mai fitar da siririn sauti.

To, shekara uku ke nan kunnensa yana tafiya. Kowa a gida ya sani, shi kuwa cewa yake mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Sau biyu ina karɓo masa katin ganin likita, sau biyu yana samun aikin gaggawa. Tsoronsa kada layin ya ji cewa mai gyaran sauti ba ya ji, a daina kawo masa aiki. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yana da gaskiya. Sai ya koma ɗora tafin hannu a jikin talabijin yana jin ganga ta fata. Ganga tana girgiza hannu, siririyar murya kuwa ba ta yi.

Wata Asabar na kai masa abincin rana, na tarar wani direba ya dawo da talabijin ɗinsa.

"Injiniya, mai karanta labarai kamar a cikin tulu yake magana."

"Haka aka haife shi," in ji Baba. Amma ya karɓa.

Da direban ya tafi, ya buɗe ta, ya sauya ƙaramar lasifika, ya sa faifan. Aka zo kan kofi. Muryar ta fito tas, har tela ya kama bin ta daga nasa shagon. Baba ya ɗaure fuska, ya cire lasifikar, ya sa wata. Aka sake zuwa kan kofi. Ya girgiza kai, ya kai faifan kan tasa talabijin, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya matsa kunne har yana taɓa ta.

"Uwata," ya ce mini, "faifan nan ya tsufa. Muryar ta goge a nan wurin."

Ina iya cewa haka ne. Wallahi na so in ce haka ne, in zuba masa abinci mu wuce wurin. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

"Baba, ina jin ta."

"Me?"

Na ɗaga murya. "Ina jin ta. Tun a lasifikar farko."

Ya dubi kofin, ya dubi lasifiku biyun da ke kan benci. Ya ɗauki tsumma ya goge hannunsa da ba abin da ya taɓa shi.

"Har yanzu mawaƙin yana jan ta sama a ƙarshe?" in ji shi.

"Yana ja."

"Madalla."

Ya jawo mini kujerar da masu kawo gyara suke zama, ya mayar da faifan baya kaɗan.

"Zauna nan. In ya fara ki ɗaga hannu, in ya gama ki sauke."

Ganga ta tsaya, hoton ya sauka kan kofi, na ɗaga hannu. Baba bai kalli talabijin ba. Hannuna yake kallo, leɓensa yana motsi, yana ƙirga har goma sha ɗaya.